Ta'aziyya a Ƙasar Gobir

A gidanmu, can ƙasar Malumfashi, akwai wata iyaka da ba wanda ya shata ta, amma kowa ya san inda take. Kirista zai je Zariya, zai je Jos, zai shiga Kano ya fito, amma gaba da Gusau sai in aikin gwamnati ne ya jefa shi. Mu jikokin Maguzawa ne, kakanninmu suka karɓi bishara a hannun 'yan mishan na SIM, kuma tun muna yara muke jin cewa mutanen Sakkwato ba su ɗauki irinmu a bakin komai ba: ga mu Hausawa, ga mu ba Musulmi ba. Da aka kashe Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke Sakkwato a watan Mayun 2022, sai tsofaffinmu suka ce to, ai ga abin da muke faɗa muku.

Ta'aziyya ce ta fitar da ni. Wani Bagobiri da muka daɗe muna koyarwa a makaranta ɗaya, mahaifinsa ya rasu a Sabon Birni, bai jima da fitowa daga hannun ɓarayin daji ba. Lokacin da tawa uwar ta rasu, mutumin nan ya zo har ƙauyenmu, ya zauna a bencin baya na coci da hularsa har aka gama jana'iza. Maiɗakina ta ce in buga waya ya isa. Fastonmu bai ce in je ba, bai ce kada in je ba. Ya dai tuna mini labarin Basamariyen nan, ya ce mutum biyun da suka ratse suka wuce, su ma suna da hujjarsu, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Da wannan na kwana.

Hanyar Ƙauran Namoda da Shinkafi ta fi kusa, amma ba direban da ya ba ni shawarar bin ta. Sai na zaga ta Funtuwa, Gusau, Talatar Mafara, na kwana Sakkwato, da safe na shiga motar Sabon Birni. Har Goronyo hira ake yi, ana kukan tsadar taki da ta man fetur. Muna wuce garin sai baki ya mutu. Direba ya rage rediyo, ya ce, "To jama'a, kowa shi roƙi Allah da abin da ya iya." Na kusa da ni ya fito da carbi, ni kuma na sunkuyar da kai na yi tawa addu'ar.

A wannan hanya, wajen Kwanar Maharba, aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a watan Yulin 2024, kuma bai fito da rai ba. A Disambar 2021 an ƙone matafiya cikin motarsu kusa da Gidan Bawa, sama da mutum ashirin. Na karanta duk wannan a jarida, amma sai da na zauna cikin motar na lura da abin da na tsallake: ba wanda ya tambayi addinin waɗannan mutane kafin a kashe su. Tsoron da na ɗauko daga gida na mutanen da ke zaune kusa da ni ne, alhali su ne ake yi wa ɗauki ɗai-ɗai.

Sabon Birni ya cika ya batse da mutanen ƙauyuka. Wasu sun tsallaka Nijar, yankin Maraɗi, tun 2019. Waɗanda suka rage a karkara sai sun haɗa wa 'yan bindiga kuɗi kafin su yi shuka, su sake haɗawa kafin su girbe.

A ƙofar gidan makoki na durƙusa na gai da dattawa. "Ina hanƙuri, Baba?" "Hanƙuri da godiya, ɗana. Allah shi ba da lada." Da aka kira azahar kowa ya miƙe, ni na zauna ina gadin takalma. Bayan an sallame sai wan mamacin, tsoho mai zanen Gobir har kunne, ya yafito ni.

"Kai na Kiristan da yaron ga ka hwaɗi?"

"Ni ne, Baba."

"Irin na Galmi?"

Ashe a asibitin mishan na Galmi, wanda SIM ta buɗe a Nijar a 1950, aka taɓa yi masa aiki. Daga nan hira ta ɓarke, kuma shi ya riƙe ta. Ya ɗauko daga Alƙalawa, tsohon birnin Gobir da mayaƙan jihadi suka ci a 1808, inda Sarki Yunfa ya faɗi. Ya zo kan yaƙin Gawakuke na 1836, da yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, da yadda daga baya wani reshe na gidan sarautar ya ɓalle ya kafa wannan Sabon Birnin. Tsibirin nan kuwa, tun ƙarshen shekarun 1920 'yan mishan suka zauna cikinta. "Muna da dangi can masu zuwa coci," in ji shi, "da zane ga kumatunsu irin nawa. Biki muna zuwa, mutuwa suna tahowa."

Na yi shiru, don ni da nake ɗaukar kaina baƙo a ƙasar Gobir, ashe akwai Gobirawa Kiristoci tun kafin a fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932, ko dab da haka. Ba a taɓa gaya mana wannan a makarantar Lahadi ba, kuma ina ganin gara a ce an gaya mana.

Kada in shafa wa labarin zuma. Da aka kawo tuwo, wani matashi ya ga zan sa hannu a kwano ɗaya da shi, ya tashi ya koma wata tabarma. Kowa ya gani, ba wanda ya tanka. Tsohon ne ya jawo kwanon gabansa, ya ce in matso. Na ci, amma abin ya tsaya mini a rai har dare.

Washegari muka nufi Isa gai da dangin uwar abokina. Nan ma Sarkin Gobir ake kiran mai garin, abin da ke ruɗa baƙo. A can aka haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya, Kirista daga ƙasar Zuru, wadda ta shekara da shekaru tana karɓar haihuwa a yankin. Ta ce ranar da ta ga takardar turo ta nan kuka ta yi, ta zo da niyyar neman canji kafin damina. Da farko mata ba sa yarda ta taɓa su. Ba ta yi musu gardama ba, ta ci gaba da zuwa suna, tana zuwa gaisuwar mutuwa, ta koyi cewa "lahiya lau" yadda suke faɗa. Yanzu tsakar dare ake buga mata ƙofa.

Na ce, "Yaya, ba kya jin tsoro?"

"Ina ji mana. In na ji harbi ƙarƙashin gado nake shiga kamar kowa. Amma tsoron 'yan garin, wannan kam na daina. Shi ya fi ba ni wuya, don muryar mahaifiyata nake ji a ciki."

Ta ce su Kiristocin garin 'yan kaɗan ne, malaman makaranta, 'yan sanda, masu shaguna, kuma in hanya ta ɓaci a ɗakin ɗayansu suke yin sujada. Ba ta ɗauki kanta jaruma ba, ni kuwa ban ga abin da ya rage mata ba.

Na so in ga kufan Alƙalawa kafin in koma, don a wannan ƙasa ce, wajen 1788, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar kyautar Bawa Jan Gwarzo a Magami, ya roƙi a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsawa, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Roƙo ne da Kiristan Arewa zai gane sarai. Tsohon ya ce, "Ba ka zuwa. Ka zo gaisuwa, ba ka zo a yi taka ba." Na bi maganarsa.

Da na koma gida na ba da labari a coci, na ce masu gudun hijira a Sabon Birni suna bukatar hatsi. Zumuntar mata ta tara masara da dawa. Wani dattijo ya miƙe ya ce namu zawarawan ma ba su ƙoshi ba, kuma wa ya kawo mana gudummawa ranar da aka ƙone coci-coci a Arewa? Wasu suka goya masa baya, suka janye nasu kason. Abin da ya rage muka ɗora wa direban Sakkwato, abokina ya karɓa a tasha. Dattijon ya nemi a sake ɗauko maganar a taron dattawa na wata mai zuwa, fasto kuma ya sa ta cikin ajanda.