Nawa ne ladan yaron sono?

A garuruwanmu, duk wanda zai yi biki ya san farashin kome tun kafin ranar. Ya san nawa ake hayar kujera, nawa ake kafa rumfa, nawa buhun shinkafa, nawa mai ɗaukar hoto zai karɓa. Abu guda ne ake bari sai ƙarshe, a rufe shi da cewa "za mu san abin da za mu ba shi", wato ladan yaron da ya kawo sono. In kuwa yaron sabon shiga ne, ɗan unguwa, ba a ma tambayarsa farashi. Ranar bikin kawai ake sanar da shi.

Na haura shekara 20 ina riƙe da alli tun fitowata daga makarantar horon malamai, kuma babu shekarar da ba na koya wa ƴan aji shida lissafin ciniki: kuɗin saye, kuɗin ɗawainiya, kuɗin sayarwa, riba da faɗuwa. Yara suna son wannan darasi, domin akwai tumatir da awaki a cikinsa. Sai dai na lura yaron da ya iya fitar da ribar mai sayar da albasa a kan allo, in aka tambaye shi nawa ne aikinsa shi kansa, sai ya sunkuyar da kai yana murza yatsu.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibaina, wanda yanzu yake lise a nan Maradi, ya fara aikin dije a lokacin hutu. Wata Lahadi ya zo gaishe ni, yana murna an biya shi jika 15 a wani bikin aure. Na ce masa, "Madalla, ɗana. A cikin jika 15 ɗin, nawa ne naka?" Ya ce, "Duka mana, Mushe." Na miƙa masa takarda da biro, na ce mu yi irin na aji shida.

Ga abin da ya fito daga bakinsa. Hayar bafil biyu da ampili, jika 7. Hayar gurup, jika 3, domin ba mai hankalin da zai dogara ga kuran kaɗai a lokacin zafi. Gurup ɗin ya sha mai lita 5 cikin awa 5, kuma ko da farashin sefa 499 da gwamnati ta sa wa lita a 2024, wannan jika 2 da rabi ke nan. Adaidaita, kai kaya da maido su, jika 2. Abokinsa da ya taya shi ɗauka da gadin kaya, jika 1 da rabi. Kuɗin intanet na sauke waƙoƙin da ƙawayen amarya suka ce lalle sai an sa, dala 100. Da ya tara, ya samu jika 16 da rabi. Ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama, bai canza ba. Ya yi shiru, sa'annan ya ce, "Ashe ni na yi musu gudummawa."

Haka ne. Ya bar gida tun bayan azahar, bai koma ba sai sha biyun dare, ya ɗauki kaya masu nauyi, ya sha ƙura, kuma ya cika jika 1 da rabi daga aljihunsa. Abin da ya sa bai gani ba shi ne kuɗin sun fita kaɗan-kaɗan cikin kwana biyu, su kuwa jika 15 sun shigo hannunsa a dunƙule.

Ina ganin tushen matsalar ya girmi yaran nan. Mu Hausawa ba mu saba yin ciniki da mai kiɗa ba. Makaɗin fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram yana da ubangida, kuma ladan irinsu kyauta ce: riga, doki, hatsi, kuɗi, gwargwadon girman mai bayarwa. Mai kalangu a dandali shi ma abin da aka liƙa masa yake tattarawa. Tsarin ya yi aiki domin kowa ya san haƙƙin makaɗi a kansa, kuma wanda ya yi rowa ya san za a ji labarinsa a waƙa. Dije ya gaji wurin zaman makaɗi a biki, amma bai gaji ubangida ba, bai gaji bakin da ake tsoro ba. Ga shi kuma kayan aikinsa na haya ne, masu shan mai, masu ƙonewa in wuta ta yi ƙarfi. Muna biyansa da al'adar kyauta, shi kuwa masu kaya suna karɓa daga gare shi da dokar kasuwa.

Saboda haka abin da nake faɗa wa duk yaron da ya fara wannan sana'a guda ne: kada ka fara da tambayar nawa wane yake karɓa, fara da tambayar nawa daren nan zai ci maka. Wannan jimla ita ce ƙasan rijiya, ba a sauka ƙasa da ita ko don wa. In kayan naka ne ba na haya ba, kada ka ce ai kyauta ne. Wanda ya sayi kaya na jika 300, yana sa ran su yi masa biki 100 kafin su gaji, to kowane biki ya ci masa jika 3, ko ya gani ko bai gani ba. Wanda bai ware wannan kuɗi ba, ranar da bafil ya fashe ranar sana'arsa ta ƙare.

Bayan ɗawainiya sai ladan jiki. Nan ne yara suka fi jin kunya, nan ne kuma nake ba su ma'auni. Mafi ƙanƙantar albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. In ka raba shi a kan kwanakin aiki 26, ya ɗan haura jika 1 da rabi a yini. Wannan na wanda bai koyi kome ba ne. Yaron da ya yi awa 10 a tsaye, ya san waƙar da za ta tayar da iyaye mata da wadda za ta zaunar da su, ya san lokacin da zai kashe sauti don kiran salla ba sai an aiko masa ba, in ya sa wa kansa jika 5 bai zalunci kowa ba. A lissafin ɗalibina, da muka ƙara wannan da jika 1 da rabi na gyaran igiya da mikoro, farashin ya tsaya a jika 23.

Ya ce mini, "Mushe, ni sabo ne, wa zai ba ni jika 23?" Tambaya ce mai kyau. Sabon shiga yana da dalilin sassautawa, domin shi ma koyo yake, kuma mai biki yana ɗaukar kasada da shi. Amma rangwamen daga ladan jikinsa zai fito, ya karɓi jika 3 maimakon 5. Ba ya da ikon yin rangwame a kan man gurup, tun da gidan mai ba su san shi sabo ne ba. Kuma ya sa wa rangwamen iyaka, misali bukukuwa 10 na farko, domin farashin da mutane suka saba ji daga bakinka yana da wuyar ɗagawa. Wanda ya karya farashi don ya ƙwace kasuwa, kansa ya fara karyawa, sa'annan ya ja sauran yaran unguwa su faɗa tare.

Akwai kuma maganar dangi, wadda ta fi kowace wuya. Gwaggo za ta aurar da ɗiya, yaro ba zai iya buɗe baki ya yi ciniki da ita ba, kuma ba na son ya zama mai irin wannan ido. Shawarar da na ba shi ita ce ya faɗi farashin, sa'annan ya faɗi kyautar: "Gwaggo, aikin jika 23 ne. Ladana na jika 5 gudummawata ce, sauran na masu kaya ne da mai." Ta haka zumunci ya samu haƙƙinsa, gwaggo ta san an yi mata alheri, yaro kuma bai kwana da bashin mai bafil ba.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne. A karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, domin masu haya ba sa sakin kaya sai sun ga kuɗi. A rubuta lokacin farawa da na tashi, ko a saƙon waya ne, da abin da za a ƙara in an zarce. A yanke tun farko cewa liƙi daban, lada daban, kada a tashi biki a ce masa "ai ka samu a fili". Ya tuna kuma cewa aikin na lokaci ne: bukukuwa suna yawa bayan kaka da gab da azumi, cikin azumi kuwa sono yana hutawa, don haka abin da ya samu a watan cika shi zai riƙe shi a watan rashi. Shi ma akwai adalcin da ake binsa. Kada ya dubi girman ƙofar gida ya ninka farashi, kada ya yi alkawarin bafil huɗu ya zo da biyu. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na san cikin iyaye akwai waɗanda ba sa son ganin ɗansu a wannan sana'a sam, saboda dare da irin taron da ake yi. Damuwarsu tana da tushe, kuma kowane uba shi ya san gidansa. Abin da na gani a aji shi ne, yaron da ake biya araha ba ya iya ƙin aiki. Yana karɓar na Talata, ya karɓi na Laraba, domin ya cike ramin da na Asabar ya bar masa, ranar Alhamis kuma ka same shi yana barci a kan tebur. Wanda ya san farashinsa yana iya yin biki biyu a wata, ya zaɓi gidan da zai je, ya ce a'a ga taron da bai yarda da shi ba, ya ce a'a ga daren da gobensa akwai lakwal. Ɗalibina yanzu ba ya karɓar aiki sai Asabar da lokacin hutu, kuma mahaifinsa ne yake ajiye masa kuɗin gyaran kaya.

Mu malamai da iyaye mu ne masu ɗaukar yaran nan aiki, a bikin suna, a bikin aure, a bikin ƙarshen shekara na makaranta. Sau da yawa kwamiti yakan rubuta kuɗin kujeru da rumfa da ruwan sanyi, layin sono kuwa a bar shi fari, wai ai yaronmu ne. Kasancewarsa yaronmu shi ne dalilin da ya sa bai kamata a bar shi fari ba. In yaro ya zo maka ya kasa faɗin farashi, kada ka ci ribar kunyarsa. Zaunar da shi, ka ba shi takarda, ka ce ya rubuto abin da zai kashe da abin da yake so wa kansa. In ya yi yawa ku yi ciniki a fili, kamar yadda kake yi da mai rumfa. In ka ga ya manta kuɗin adaidaita, tuna masa.