Na Biyun Ƙarshe

Ranar da aka karanta sakamakon ƙarshen shekara a firamarenmu da ke Daura, ni ne na biyun ƙarshe. Ina aji huɗu, amma ban iya haɗa baƙi da wasali ba. Baba ya ce gara in bi shi gona.

Malaminmu ya tako har zaure, ya durƙusa ya ce, "Baba, a ara mini shi shekara ɗaya." Kullum bayan La'asar yakan tara mu bakwai a gindin darbejiya, muna karanta labarin Bayajida da rijiyar Kusugu, harafi bayan harafi. Da shekara ta zagayo, na zo na tara.

Yau ina da digiri. Duk sakamakon da aka liƙa, daga ƙasa nake fara dubawa, domin a can ake yanke wa yaro hukuncin barin makaranta.