Tilawar Likita

Daga Sabon Gari zuwa Shika hanya ɗaya ce: a bi ta Kwangila, a ratsa Palladan, a wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, sannan a isa asibitin koyarwa da ya koma can a 2005. Wata likita mai neman ƙwarewa a fannin mata da haihuwa ta mayar da wannan tafiya ajin karatunta. Kowace safiya takan ɗauki mas'ala guda, ta karanta ta a cikin mota, ta rufe littafin kafin Samaru, ta bita da ka har zuwa Shika.

Abokan aikinta da yawa ba su ga hikimar haka ba, kuma hujjarsu tana da ƙarfi. Wanda ya kwana tsaye a ɗakin haihuwa, gari ya waye ya bi babban likita zagayen majinyata, ina ya ga ƙwaƙwalwar karatu? A ganinsu majinyaci shi ne littafi. Sauran kuwa sai jarrabawa ta ƙarato, ko ta kwalejin ƙwarewar likitoci ta ƙasa da aka kafa a 1979, ko ta Afirka ta Yamma, sai a nemi hutu a kulle ɗaki, a haɗiye shafuka kamar mai shan maɗaci. Wasu kan ci jarrabawar a haka, ba ƙarya.

Sai dai Zazzau ta daɗe da sanin abin da Bajamushe Ebbinghaus ya auna a 1885, cewa mafi yawan mantuwa na aukuwa ne jim kaɗan bayan karatu, kuma bitar da aka rarraba ta fi wadda aka tara zama a kai. Gardin da ya bar tilawa wata guda ya san yadda hadda ke zubewa, ba sai an kawo masa shaida daga Jamus ba.

Inda abin ya fi nauyi shi ne tsakar dare. Aka kawo wata matashiya mai ciki tana jijjiga, aka ba ta allurar maganiziyam kamar yadda aka saba. Da lokacin ƙari ya yi, likitar ta dakatar da mai jinya, ta buga gwiwar majinyaciyar ba ta ga ƙafa ta zabura ba, ta ƙirga numfashi ta same shi ya ragu, ta duba fitsari ta tarar ya yi kaɗan. Ta hana ƙarin, ta sa aka kawo makarinsa, wato allurar kalsiyam. Babu wanda ya buɗe littafi, domin babu lokacin buɗe shi. Shafin nan ta bi ta kansa sau da dama tsakanin Palladan da Samaru.

Tsarin nata yakan karye. Akwai makon da barci ke kwashe ta tun kafin Kwangila, akwai ranakun da ɗanta ke zazzaɓi. Takan ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta rama abin da ya wuce. Saura wata huɗu ta zauna kashi na farko na jarrabawarta, kuma har yanzu ba ta nemi hutun karatu ba.