Ramukan Nok da Takardar Shaida

Mu malaman adabi mun saba ɗaukar ɗakin gwaje-gwajen kimiyya a matsayin wuri mai tsabta, inda ake sa farar riga a rufe ƙofa, ba abin da ke fitowa sai ilimi. Wata tafiya da muka yi da ɗalibanmu zuwa ƙasar Jaba ita ta sa muka sake tunani.

Mun sauka Kafanchan, muka bi ta Kwoi zuwa Nok, da niyyar tattara tatsuniyoyi da waƙoƙin noma. A wani ƙauye, wani dattijo ya ja mu bayan gari ya nuna mana tsohuwar gonarsa ta citta. Rami ne kusa da rami, wasu iya ƙugu, wasu sun shanye tsayin mutum. Jar ƙasar da aka tono ta binne baƙar da ke raya shuka. Muka ce, “Baba, haƙar kuza aka yi a nan?” Ya girgiza kai ya ce, “Malam, gumaka suka zo nema. Gonar nan ta ciyar da kakana, yanzu ko ciyawa sai ta yi shawara kafin ta fito.”

Asalin maganar sananne ne. A 1928 masu haƙar kuza suka tsinci wani ƙaramin kai na gasasshen yumɓu a Nok. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan daga Jama'a, wanda aka daɗe ana korar tsuntsaye da shi a gonar doya. Fagg ne ya lura cewa salonsu ɗaya, ya raɗa wa al'adar sunan Nok.

Ina ruwan ɗakin gwaji da wannan ɓarna? Yumɓu, tun daga ranar da aka gasa shi, yana tara wani ƙarfi a hankali daga ƙasar da yake kwance a ciki. Idan aka huda gunki aka ɗebi ɗan garinsa aka dumama, sai ya saki haske, yawan hasken kuwa ya nuna shekarunsa. Da wannan awo wasu ɗakunan gwaji a Turai suka riƙa ba dillalai takardar shaida cewa kayansu ba jabu ba ne. Takarda ta ɗaga farashi, farashi ya kira masu diga da shebur, musamman a shekarun 1990. Har ta kai a 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan Nok cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Alal haƙiƙa, ba za mu yi wa kimiyya butulci ba. Masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt, waɗanda suka fara aiki a yankin a 2005, sun nuna cewa al'adar ta faro wajen shekara 1500 kafin Miladiyya, mutanenta kuma manoman gero ne. A 2021 masana daga Jami'ar Bristol suka gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu. To amma irin wannan sani sai an sami abu a inda yake kwance, tare da gawayinsa da tsabarsa. Ramin ɓarawo yana kashe gona, yana kuma yaga shafin tarihi.

Mu ma da namu laifin. Shekara da shekaru muna alfahari da tsufan Nok a cikin aji, muna haska hotunan gumaka, ba mu taɓa tambayar daga gonar wa aka tono su ba. Tun da muka dawo, duk ɗalibin da ya kawo mana hoton gunki a takardarsa, tambayarmu ta farko ita ce: a ina aka haƙo shi, wa kuma ya cike ramin?