Daga Dandali Zuwa Akwatin Talabijin

Mu da muka tashi a Aujara, can ƙasar Jahun, mun san daren farin wata. Da an idar da sallar lisha sai 'yan mata su hallara a dandali, a yi da'ira, ana tafi ana gaɗa, ɗaya ta faɗo da baya ƙawaye su cafe. Iyaye na jiyo su daga cikin gida, babu mai tsawatawa, domin su ma haka suka taso.

Abin da ya tuno mana da wannan kuwa tambaya ce da wata ƙanwarmu ta yi mana, yarinyar da duk unguwa an san babu kamarta a gaɗa. Ta ce, "Yaya, in na ce zan bi sahun Rahama Sadau, za ku bar ni?" Muka yi tsit, aka rasa mai amsawa.

Ita dai Rahama an haife ta a Kaduna a 1993, kuma da gasar rawa ta soma tun tana 'yar makaranta. A 2013 ta shiga fim ɗin Hausa, inda Gani Ga Wane ya fito da sunanta. A watan Oktoba na 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kore ta saboda bidiyon wata waƙa da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ. Da yawa muka ce shi ke nan, tata ta ƙare. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A shekarar aka gan ta a shirin talabijin na Sons of the Caliphate, a 2017 ta shirya nata fim ɗin, Rariya, ta kuma nemi gafarar jama'a, aka ɗage korar a 2018. A 2022 har fim ɗin Indiya ta fito.

To, jama'a, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Mu ne masu cinkoso a kan waya ɗaya a teburin mai shayi don kallonta, mu ne kuma masu tsaki in gari ya waye. Muna son wasan, amma ba mu so a ce 'yar gidanmu ce mai yin sa. Tsoronmu ba na banza ba ne, mutuncin 'ya mace ba abin wasa ba ne a ƙasar Hausa. Sai dai wanda ya tafa da dare bai kamata ya riga kowa jifa da safe ba.

Mu marubuta ma ba mu fita ba. A littattafanmu 'yar rawa ko dai ta lalace ko ta yi nadama a babin ƙarshe. Ba mu cika rubuta ta a matsayin mai sana'a, mai iyaye, mai neman na kanta ba.

Ƙanwar tamu mun ce mata ta fara gama makaranta tukuna. Ta dube mu ta yi murmushi, domin ta gane mun ɗage maganar ne kawai. Har yanzu tana bin mu amsa. Allah Ya ba mu ikon faɗa mata gaskiya.