Lissafin falaki a shagon caji

A shagunan caji na Suleja, wayoyi ne ke samun wurin zama. Jere suke a kan katako, kowace da lamba manne a bayanta, masu su kuwa suna tsaye. A wani irin wannan shago, ta wajen Kasuwar IBB, akwai yaron da ke zuwa da tsohuwar laftof da littafin rubutu mai layi.

Sa'o'insa ƙwallo suke bugawa. Shi nasa wasan Kerbal Space Program ne, wanda wani kamfani a Meziko ya ƙirƙira. Roka ake haɗawa a harba, yawanci kuma ta tarwatse. Shi rokar ma ba ta dame shi ba. Sai ya tsayar da wasan, ya kwafi lambobin da ke nuna inda wata duniya take. Ya bar lokaci ya ɗan gudu, ya sake kwafa. Daga nan ya duƙufa da biro, yana neman hanyar da take bi tana kewaya ranarta.

Kada ka yi saurin ce masa gwani, malam. Aikin ya tsufa. Tun 1609 masanin taurari Kepler ya nuna cewa irin wannan hanyar ba cikakkiyar da'ira ba ce. Ta ɗan miƙe, rana na gefe guda, kuma duniya kan ƙara sauri idan ta matso kusa da ita. Ranar 1 ga Janairun 1801 wani masanin taurari, Piazzi, ya hango wata 'yar ƙaramar duniya, Ceres, daga birnin Palermo. Ya bi ta wajen kwana 40, sai ta shige hasken rana ta ɓace. Masanin lissafi Gauss, yana ɗan shekara 24, ya ɗauki 'yan lambobin nan ya faɗi inda za ta ɓullo. A ƙarshen shekarar aka duba wurin, sai ga ta. A ƙa'ida, hange uku masu kyau sun isa.

To amma Gauss ba shi da wanda zai tambaya. Duniyar yaron nan kuwa wani ne ya zauna ya rubuta mata hanya, ba ta kauce ko taku ɗaya. Da zai danna harafin M, taswira za ta fito da layin a zane. Ya sani sarai. Taurin kai ne kawai, ba ya dannawa sai ya gama.

Hukumar sararin samaniya ta ƙasa tana can Abuja, garin da ya karɓe wa Suleja sunanta. Shi ne kuma garin da mutanenmu da yawa ke kewayawa. Da asuba su fita, su wuce Madalla da Dutsen Zuma, bayan isha'i su dawo. Kwandasta ya ga fuskarka sau uku, ya riga ya san lokacin da za ka ɓullo da inda za ka sauka. Bironsa yana saƙale a bayan kunne, murfin ma ya ɓata.