Tantabarun Yaƙi da Labarin da Muka Bari Ya Tafi

A ƙarshen zangon karatu na biyu, bayan an gama jarrabawa, mu malamai muka shirya wa 'yan makaranta kallon majigi a babban zaure. Fim ɗin da muka zaɓa shi ne "Valiant", fim ɗin zane da aka yi a Ingila a shekarar 2005. Labarin wata 'yar tantabara ce ƙarama wadda ta shiga rundunar tantabarun Ingila a Yaƙin Duniya na Biyu, aka aike ta Faransa ta ɗauko wasiƙar sirri, shahunan Jamus kuwa suna farautarta a sama. Yara suka yi ta dariya da tafi. Da yake yawancinsu sun san kiwon tantabara tun daga gida, har gardama suka yi a kan ko tantabara za ta iya tsere wa shaho.

Da aka kunna fitila, sai muka gaya musu cewa labarin yana da tushe. Jiragen yaƙin Ingila sukan tashi da tantabara a cikin akwati, domin in jirgi ya faɗi, ita za ta kai labari gida. A watan Fabrairu na 1942 wani jirgi ya faɗa teku da mutum huɗu a ciki. Tantabararsu, mai suna Winkie, ta yi tafiyar wajen mil 120 ta isa gida, jikinta duk mai, ba ko wasiƙa a ƙafarta. Da lissafin lokacin isowarta aka gano inda za a nema, aka ceto su duka. A 1943 aka ba ta lambar yabo ta Dickin, wadda tantabaru 32 suka samu.

Nan ne wani yaro ɗan aji uku ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to mu fa? Yaƙin bai zo ƙasarmu ba ne?"

Muka ce ya zo mana. Da Italiya ta shiga yaƙin a 1940, hanyar Bahar Rum ta zama mai hatsari ga Ingilishi. Sai suka riƙa kawo jiragen sama a cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can. Daga nan matuƙa su tashi da su zuwa Ikko, su sauka Kano, su sha mai a Maiduguri, su bi ta Cadi da Sudan har Alƙahira. Jirage fiye da 5,000 ne suka bi wannan hanya daga 1940 zuwa 1943. Watau Kano ɗin nan da muke zuwa cin kasuwa, tana cikin manyan tashoshin wannan yaƙi. Ban da haka, dubban samarin Arewa sun tafi Yaƙin Bama a cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. A kwarin Kaladan, a 1944, daji ya yi kauri har ba hanyar mota, sai jiragen sama ne ke jefo musu abinci da harsashi da laima.

Muna ba da wannan amsa, amma kunya ta kama mu, domin abin da muka faɗa duk daga littafi muka samo shi, alhali kuwa mun taɓa zama da wanda ya gani da idonsa. Muna yara a nan Katsina, akwai wani tsohon soja da ke gadi a unguwarmu, kowa na kiransa Baba. Da yamma yakan zauna a kan buzunsa ya ba da labarin Bama: yadda suke shimfiɗa farin ƙyalle a fili don matuƙi ya gan su, da yadda buhun shinkafa ya taɓa faɗowa ya kashe abokinsa. Mu kuwa sai mu yi ta dariya, muna cewa Baba ya fara. Ba wanda ya ɗauki fensir ya rubuta ko da layi ɗaya. Ya rasu muna kwalejin horon malamai, kuma ko sunan ƙauyensu ba mu riƙe ba.

Turawa sun adana sunan tantabararsu, sun ba ta lamba, har suka yi wa 'yan'uwanta fim. Mu kuwa mutum ɗan'adam muka bari ya tafi da labarinsa. Laifin ba na Baba ba ne, namu ne.

Saboda haka, 'yan makaranta, ga aikin hutu wanda ba maki a kansa. Sojojin Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu suna nan, haka kuma waɗanda suka ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Ku zauna da kakanninku, ku gaishe su da ladabi, ku tambaye su, ku rubuta. Masu iya zane a cikinku su zana. Ku kawo mana in an dawo, mu sa a mujallar baɗi.